Kwaɗo kaɗai ba ya tsare gubar nukiliya

Togo ba ta da tashar nukiliya, amma wasu na'urorin asibiti da na masana'antu na ɗauke da sinadarai masu fitar da tururi mai kisa. Ƙa'ida ita ce a kulle su, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya karɓi makulli. Sai dai kwaɗo jinkirta ɓarawo kawai yake yi kafin mai gadi ya iso.

A 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, ranar da mai gadi bai zo ba aka sace na'urar maganin kansa daga wani rufaffen asibiti, aka sayar wa ɗan gwangwan. Mutum 4 suka mutu.

Masu sayen tsohon ƙarfe a Korbongou, Dapaong da Sokodé, in kun ga alama mai fukafukai uku a kan rawaya, kada ku fasa. Ku kira jandarma.