Sankarar maza: wa likita zai sa wa ido, wa zai yi wa aiki?

Malam mai sauraro, idan likita ya ce an samu sankara a jikinka, sannan ya ce ba zai yi maka aiki ba tukuna, kada ka ɗauka ya raina ka ne ko ya yanke ƙauna. A kan wannan ne filinmu na lafiya ya tsaya.

Jama'a kan ce sankarar mafitsara, amma ba a mafitsarar take ba. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙullutu mai girman goro da ya kewaye hanyar fitsari, likitoci na kiran sa furostet. Sankarar da ke kama shi ba iri ɗaya ba ce. Wata mai gudu ce, takan bazu har cikin ƙashi. Wata kuwa tafiyar hawainiya take yi, mutum ya tsufa da ita, ajalinsa ya zo ta wata hanya daban. Mai irin ta biyun ake sa wa ido.

To, me ya sa ba za a cire a huta ba? Domin aikin da gashin na'ura suna da nasu ɗawainiyar. Wasu fitsari kan riƙa zubo musu, da yawa kuma ƙarfin mazakuta kan ragu. Mai bin shanu a daji ko mai wuni a kasuwar Jibiya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Birtaniya an bi maza 1,643 har shekara 15, aka fitar da sakamakon a 2023: waɗanda cutar ta kashe kusan 3 ne cikin 100, da waɗanda aka yi wa aiki, da waɗanda aka gasa, da waɗanda aka sa wa ido. Sai dai ta fi bazuwa a jikin 'yan sa-ido, kusan 9 cikin 100, sauran kuwa kusan 5. Shi ya sa ake tankaɗe da rairaya kafin a zaɓi mutum.

Likita zai duba awon jini mai suna PSA, ana so ya kasance ƙasa da 10. Zai taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura, don ya ji ko ciwon ƙarami ne bai fita waje ba. Kada kunya ta hana ka, minti ɗaya ne. Amma babban alƙali shi ne ɗan naman da ake tsakurowa da allura a duba a madubin likita. Idan makin da ake kira Gleason ya tsaya a 6, mai sauƙi ce. Ya kai 8 ko sama, ba maganar jira. Mai 7 kuwa sai an zauna an auna. Awon jini kaɗai ba ya yanke hukunci, don ciwon sanyi ko toshewar fitsari ma kan ɗaga shi.

Ka faɗa wa likita idan mahaifinka ko ɗan'uwanka ya yi wannan ciwo, ko sankarar mama ta yawaita a danginku. Ka kuma sani cewa ta fi kama baƙar fata, kuma mafi yawan mazan wancan bincike Turawa ne, don haka naka sa-idon sai ya fi tsauri.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sa-ido ba sallama ba ce. Ana sake awon jini kamar duk wata shida, a sake tsakurar nama bayan shekara ɗaya ko biyu, a ɗauki hoton MRI inda akwai na'urar (a Nijar da Kamaru IRM za ka ji ana cewa). Da zarar an ga ta motsa sai a yi maganinta tun tana wuri ɗaya, kuma da yawa daga 'yan sa-ido kan kai ga hakan daga baya. Idan ka san da rani kana kudu da garke, da damina kana arewa, ba za ka ga asibiti ba sai bayan shekara biyu, gaya wa likita gaskiya. A ganina, ga irin wannan mutum yin magani tun farko na iya fin jira. In kuwa za ka iya, ka haɗa ranar awo da ranar kasuwa, ka riƙa yi a wuri ɗaya. Takardunka, na Faransanci ne daga Maraɗi ko na Ingilishi daga Sakkwato, ka naɗe su a leda tare da katin shaida, ka ɗauki hotonsu a waya, don likita jerin lambobin yake karantawa, ba ta rana ɗaya ba.

Ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, jini a fitsari, fitsari ya tsaya cak, ƙafafu su yi sanyi ko rama ba dalili: kada ka jira ranar da aka ba ka, kada ka tsaya wajen mai tallan magani a tasha, nufi asibiti a ranar.