Panadol da Ciwon Haƙorin Mage: Saƙon da Ke Yawo Zai Kashe Muku Dabba

Tun makon jiya wani saƙo ke zagaya zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa, yana koya wa mutane yadda za su yi wa mage maganin ciwon haƙori a gida. Babu sunan wanda ya rubuta shi. An dai sa "daga wani ƙwararren likitan dabbobi" a ƙasa, aka rufe da roƙon a tura wa wasu don neman lada. Akwai gaskiya a cikinsa, akwai shirmen da ba ya kashe kowa, akwai kuma shawara guda da ta isa ta hallaka mage cikin kwana ɗaya ko biyu. Da ita zan fara, a kanta kuma zan daɗe.

Saƙon ya ce idan mage ta daina cin abinci saboda haƙori, a ɓalli rubu'in ƙwayar Panadol a jiƙa mata a madara, ko a ba ta cokalin shayi ɗaya na ruwan farasitamol na yara. Babu likitan dabbobin da ya san aikinsa da zai rubuta wannan. Farasitamol, wanda shi ne ke cikin Panadol, guba ne ga mage, kuma a nan ba ni da wata tantama, domin abu ne da likitocin dabbobi ba su da saɓani a kansa.

Dalilin yana cikin hanta. Idan mutum ya sha farasitamol, hantarsa na da wani sinadari da ke ɗaure maganin, ya mayar da shi abin da zai bi fitsari ya fita. Mage ba ta da isasshen wannan sinadarin, haka aka halicce ta. Saboda haka maganin kan bi wata hanya a jikinta, ya rikiɗe ya zama dafi mai lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iskar da take shaƙa zuwa sassan jiki. Tana numfashi, amma numfashin ba ya amfaninta. Cikin 'yan sa'o'i za a ga dasashinta ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, tana haki, tana dalalar miyau, fuska da tafin ƙafafu sun kumbura, fitsari ya yi duhu. Idan ta tsallake wannan, hantar kanta na iya lalacewa a kwanakin da ke biye.

Masu cewa ai ɗan kaɗan ne, su zo mu yi lissafi. Ƙwayar manya miligiram 500 ce, rubu'inta 125 ke nan. Cokalin shayi na ruwan yara yakan ɗauki wajen miligiram 120. Magen gida da ta girma takan yi kilo 3 zuwa 4, kuma likitoci sun nuna cewa daga miligiram 10 a kowane kilo na nauyinta guba na iya fara aiki. Wato abin da suke kira "ɗan kaɗan" ya ninka wannan mizani sau uku zuwa huɗu. Cikakkiyar ƙwaya guda kuwa ta isa ta kashe ta. Babu wani awo na farasitamol da za a ce ya dace da mage, komai ƙanƙantarsa.

Kada kuma a ce to bari a musanya da wani. Ibufurofen da daikulofenak kan ƙuje mata ciki su kashe ƙoda. Asfirin kan daɗe ƙwarai a jikinta, ba a ba ta sai da awon likita. Man kanumfari, wanda saƙon ya ce a ɗiga a kan haƙorin, mu yana yi mana amfani, amma ita yana ƙona mata baki, kuma hantarta ba ta iya sarrafa shi. Tafarnuwa da albasa su ma suna fasa mata ƙwayoyin jini.

Wanda ya riga ya ba ta, kada ya zauna jiran alamu, kada kuma ya ɗura mata manja ko madara da sunan karya dafi. Ya ɗauke ta da kwalin maganin zuwa asibitin dabbobi nan take, ya faɗi nawa ta sha da kuma yaushe. Akwai maganin da ke karya wannan dafin, likitoci na kiransa asetilsistin, amma amfaninsa na raguwa da kowace sa'a da ta wuce.

Ban ga laifin uwar gidan da ta karanta ta yarda ba. Panadol na cikin kowane gida, da shi muke lallaɓa yaro mai zazzaɓi, likitan dabbobi kuwa yana da nisa, kuɗinsa ma ba kowa ke da shi a hannu ba. Tausayi ne ya sa ta ɓalli ƙwayar, sai ga shi garin neman gira za a rasa ido. Wanda nake jin haushi shi ne wanda ya zauna ya tsara wannan abu, ya jingina shi ga likitan da babu shi, ya kuma rataya masa lada don kada kowa ya tsaya tambaya.

Abin da ya sa saƙon ya shiga ran mutane shi ne ya fara da gaskiya: mage na ciwon haƙori, kuma tana ɓoye shi. Cibiyar kula da lafiyar maguna ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari na magunan da suka haura shekara 4 suna da wani nau'in ciwon baki. Galibi daga dauɗa yake farawa: ta taru a gindin haƙori, ta daskare ta zama tsatsa, dasashi ya kumbura, daga baya ƙashin da ke riƙe haƙorin ya zaizaye. Akwai kuma wanda haƙorin da kansa ke narkewa, sau da yawa daga gindi, mai tsananin zafi, kuma har yau masana ba su tsayar da musabbabinsa ba. Na uku shi ne kumburin baki gaba ɗaya har zuwa maƙogwaro. Alamun da mai mage zai lura da su: ta zo wurin abinci da ɗoki sannan ta ja baya, tauna da gefe guda, abinci na faɗowa daga baki, miyau mai jini, ta riƙa kai hannu baki, gashi ya hargitse don ta daina lasar jikinta. Cin abinci ba shaidar lafiya ba ce, yunwa kan sa ta haɗiye ba tare da tauna ba.

Sauran da'awoyin ba su buƙatar dogon bayani. Cewa warin baki ɗabi'ar mage ce saboda cin kifi: ƙarnin kifi na wucewa, warin da ya zauna alamar ciwo ne, wani lokaci ma na ƙoda. Cewa haƙorin da ya faɗi zai sake tsirowa: sau ɗaya take famfara, haƙoran nono 26 su ba da wuri ga na dindindin 30 kafin ta cika wata bakwai, bayan nan giɓi ya zauna ke nan. Cewa ƙashin kaza da ƙayar kifi na wanke haƙora: sun fi karya haƙori da maƙalewa a ganɗa. Cewa a goge mata da man goge bakinmu: gogewar daidai ce, man ne kuskure, domin ita ba ta tofarwa, haɗiyewa take yi. Akwai nata na musamman, in babu shi ƙaramin buroshi mai laushi da ruwa zalla ya wadatar, kullum in ta yarda. Bakin da ya riga ya kumbura kuwa ba a goge shi sai likita ya gani.

Da'awa ɗaya ce ba zan yanke mata hukunci kai tsaye ba, wato cewa duk magen da ke dalala ta kamu da haukan kare, a jefar da ita. Mafi yawan dalala daga ciwon baki ne, ko wani abu da ya maƙale, ko guba. Amma mage na iya kamuwa da haukan kare, kuma cutar na nan a ƙasarmu. Ba a tantance ta da ido, balle ta WhatsApp. Idan dalalar ta zo da sauyin hali, ko mage ce mai yawo da ba a yi wa riga-kafi ba, kada a cusa mata hannu a baki, a killace ta a kira likita. Wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Ainihin maganin ciwon haƙorin mage a hannun likita yake: a sa ta barci, a kankare tsatsar har ƙarƙashin dasashi, a ɗauki hoton ƙashi inda akwai na'ura, a cire haƙorin da ya lalace, a ba ta maganin zafin da aka auna da nauyinta. Kada cire haƙori ya tsorata kowa, magen gida kan ci abincinta sarai ko da an cire mata da yawa, sau tari ma ta fi ƙiba bayan zafin ya tafi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, akwai na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu a manyan garuruwa. Kafin a kai ta, abinci mai laushi da ruwa mai tsabta su ne iyakar abin da za a yi mata a gida.

Wanda ya tura saƙon nan don neman lada, ladan na wurin gyara. Ya koma duk zauren da ya tura shi, ya goge, ya rubuta da kalmominsa cewa ba a ba mage farasitamol.