Undulating da Corrugated: Hawa da Sauka Iri Biyu

Mai koyon Turanci kan ɗauka undulating da corrugated abu ɗaya suke nufi, tunda duka suna siffanta abin da ke hawa yana sauka kamar igiyar ruwa. Duka kuma daga Latin suka fito, sai dai ba tushe ɗaya ba. Ta farko daga unda take, wato igiyar ruwa. Ta biyu daga ruga, tamojin fata.

Undulating ba ta da gaggawa. Da ita malamin labarin ƙasa ke kwatanta fili mai tudu da gangara wanda ba ya sa matafiyi haki. Tana kuma ɗaukar motsi: tafiyar maciji, ko gonar alkama idan iska ta bi ta kanta. Har likitoci sun ara. Cutar burusilosis, da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabba, an daɗe ana kiranta undulant fever, saboda zazzaɓinta kan tashi ya lafa, ya sake tasowa, makonni ana haka.

Corrugated kuwa a tsaye take ƙyam. Ninkinta matsattse ne, tazararsa daidai wa daida. A 1829 Henry Robinson Palmer ya yi rajistar kwanon rufi mai wannan siffa a Landan, kuma ba don ado ba: fallen ƙarfe miƙaƙƙe da wuri yake lanƙwashewa, amma da an yi masa tudu da kwari sai ya yi tauri, ruwan sama ma ya samu hanya. Dabarar ce a jikin kwali. Yaga gefensa, za ka ga siririyar takarda a tsakiya tana hawa tana sauka, manne da fallaye biyu. Albert Jones na New York ya yi rajistar irin wannan takarda a 1871, don naɗe kwalabe da makamantansu.

Da sauƙi a ce ɗaya ta halitta ce, ɗaya ta masana'anta, amma rabon bai tsaya ba. Gargadar da tayoyi ke bari a hanyar burji ba wanda ya tsara ta, duk da haka injiniyoyi corrugation suke ce mata.

A ganina, tazara da tauri ne ke raba gardamar. Idan hawan mai faɗi ne, mai laushi, ko yana motsi, undulating ta dace. Idan gajere ne, a jere, har mota na karkarwa a kansa haƙoran fasinja na haɗuwa, to corrugated ce.