Kafin a Aske Tof ɗin Motarka

Duk wanda motarsa ta taɓa yin obahitin har ta ƙona gaskit ya san abin da ke biyo baya. Bakanike zai kwance tof, wato kan injin, ya kifa shi a kan benci, ya shafa da tafin hannu, ya ce, "Maigida, sai an kai shi sikimin." Wannan, wato a aske fuskarsa ta daidaita, ba laifi ba ne. Tof ɗin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, in ya sha zafi fiye da kima yakan ɗan lanƙwashe, sabon gaskit kuwa ba ya zama a kan fuskar da ta karkace. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarin da wasu ke yi: "Tunda an riga an sauke shi, a ci shi da ɗan yawa, za ka ga yadda mota za ta riƙa tashi."

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take shiga kunne. A ƙarƙashin tof akwai ɗan kwarmi a saitin kowane fistin. Fistin yana tasowa ya danne iska da fetur cikin kwarmin nan, sannan fulogi ya ba da wuta. In an aske tof, kwarmin ya ragu, matsin ya ƙaru, abin da makanikai ke kira kamfureshan. Masu motocin tsere a Turai da Amurka sun daɗe suna yin haka da gangan, amma da lissafi suke yi, kuma da fetur na musamman.

Ɗauki inji mai lita 2 da fistin huɗu, faɗin kowane rami milimita 86. Kowane fistin yana jan cc 500. In kamfani ya ƙera shi a kan matsin 10 bisa 1, sararin da ke saura a sama kusan cc 56 ne. Aske rabin milimita zai cinye abin da ya kusa cc 3, matsin ya koma wajen 10.5. Aske milimita guda cur, ya kai 11. Ribar duk wannan, ko a kan takarda, ba ta wuce ƙarin ƙarfi na kashi 3 cikin 100 ba. Direban da ya ɗauko fasinja da buhunan masara daga Funtuwa ba zai taɓa jin ta a ƙafarsa ba.

Abin da zai ji shi ne ƙara. Yawan matsi yana ƙara zafi a cikin kwarmin, sai wani ɓangare na fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Za ka ji ta ne idan ka taka totur a hawan tudu ko da kaya, wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara. Juriyar fetur ga irin wannan fashewa ita ake aunawa da lambar okten. Ma'aunin fetur ɗin Najeriya 91 ne, na yau da kullum a Turai kuwa 95, kuma a gidajen manmu ba ka da zaɓi, famfo ɗaya ne ga kowa. Motar da aka shigo da ita daga Beljiyam tun farko a bakin iyakarta take da man namu. A haɗa da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, sannan a ƙara mata matsi, an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Motoci masu kwamfuta suna da wata 'yar na'ura a jikin bulok mai sauraron wannan ƙara. Da ta ji, sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi don ta ceci injin, ƙarfin da aka aske tof dominsa ya tafi, shan mai ya ƙaru. Tsofaffi masu kafireto ba su da mai ceto. Ƙarar za ta yi ta cin gefen fistin, ta karya ringi, ta sake ƙona gaskit ɗin da aka saya jiya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. In tof ya gajarta, kamshaf ya matso kusa da karanshaf, bel ko sarƙar taimin ta ɗan saki, buɗewar bawul ta yi latti kaɗan. Bawul ɗin kansu sun matso kusa da kan fistin. A inji mai siffar V, mai tof biyu, bututun da ke raba musu iska yakan daina zama daidai, a yi ta neman inda iska ke shiga a rasa. Injin dizal kuma nasa daban ne: a yawancinsu kwarmin yana kan fistin, fuskar tof shimfiɗaɗɗiya ce, don haka aski ba wani matsi zai ƙara ba, sai dai ya kai bawul bakin hatsari.

Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suka sa iyaka. A littattafan gyara na injunan Honda da dama, in lanƙwasar ba ta kai milimita 0.05 ba, ba a taɓa tof ɗin, iyakar abin da aka yarda a aske kuma milimita 0.2 ne. Kaurin fallen takarda biyu ke nan, ka kwatanta da "a ci shi da ɗan yawa". Kuma iyakar ta tsawon rayuwar tof ce gaba ɗaya, ba ta kowane zuwa gareji ba. Motar da ta bi hannu uku kafin ta zo naka, wa ya san sau nawa ta sha aski? Haka tof ɗin da za ka saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka: in ka ga fuskarsa tana ƙyalli kamar sabon faranti, ka tambaya.

Ni kaina na taɓa tsayawa a wani wurin sikimin ina kallo. Saurayin da ke kan injin ya ɗaure tof, ya sa wuƙa ta zagaya sau ɗaya, ya leƙa, ya ga sauran baƙin tabo a tsakiya, ya ƙara murɗa hannun injin, ya sake. Sau huɗu ya yi, garin alminiyam na zuba kamar tsaki. Da na tambaye shi nawa ya cire, sai ya yi murmushi ya ce, "Yallabai, ai ya yi fes." Ya yi fes kam, amma ba wanda ya auna, ba kafin ba, ba bayan ba.

Awon kuwa bai fi minti biyar ba. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar tof, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran ƙarafan da ake gwada gibin bawul da su. Ka ce a yi a gabanka. Ka ce a auna kaurin tof ɗin kafin aski da bayansa, a rubuta maka a takarda ka ajiye cikin takardun mota. In ya zama dole a ci da yawa, wasu injuna suna da gaskit mai ƙarin kauri da ke mayar da abin da aka cire. In ya wuce iyaka, sai a nemi wani tof. A gwada shi kuma ko ya tsage, domin aski ba ya rufe tsaga.

Sannan kada a ɗaura komai sai an gano abin da ya kawo zafin tun farko. Sau da yawa lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya daina riƙewa, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya cinye. In ba a taɓa waɗannan ba, wata uku ya yi yawa za ka sake ganin tof ɗin nan a kife kan benci, kuma a wannan karon babu sauran abin askewa.