Wutar Sola a Kan Rufin Gidajen Kudancin Kano

Duk matafiyin da ya bar birnin Kano ya nufi kudu, ya ratsa ƙasar Bebeji da ta Kiru, ya karya a Kwanar Dangora ya miƙa zuwa Tudun Wada, har ya kutsa dajin Falgore ya ɓulla Doguwa, in dai ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje da shaguna da masallatai, lalle zai ga baƙaƙen farantai suna ƙyalli a rana, waɗanda jama'a ke kira sola. Dalilin yaɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana cikin ƙasar Bebeji, ruwanta ya rayar da gonakin Kadawa, amma wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa tun 2013 ba ta wadaci ƙauyuka ba. Sa'an nan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali.

Haƙiƙa rana ni'ima ce da Allah Ya yalwata wa ƙasar nan, sai dai cin moriyarta yana bukatar ilmi da hisabi, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suke tafka asara. Farantin yana mai da haske lantarki, wata 'yar na'ura tana daidaita shigarsa cikin batir, inbata kuwa ita ke juya shi ya dace da kayan gida. Batir shi ne rumbun gidan, abin da aka tara da rana shi za a ci da dare. Faranti mai wat 300, in ya sami awa biyar ta rana mai ƙarfi, zai riƙe ƙwayaye da fanka da cajin waya, alhali dutsen guga ɗaya kan ja wat 1,000 shi kaɗai. Mai gida ya sayar da buhunan masararsa, ya je kasuwar Sabon Gari ya sayi manyan farantai domin su ido ke gani, ya tsuke hannu wajen batir, sa'an nan iyali su jona firji da hita su tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Batirin dalma kuwa, muddin ana zuƙe fiye da rabinsa kullum, ba ya yin ƙarko. Na litiyom ya fi juriya nesa ba kusa ba, illa dai tsadarsa ce ke korar talaka.

Kafawar ma tana da ƙa'idodinta, waɗanda wajibi ne mai aiki ya riƙe su amana. Ana fuskantar da faranti kudu, a ɗan jirkice, domin ruwa ya gangare. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, saboda zafi yana rage masa ƙarfi, abin da mutane da yawa ke zaton akasinsa. A kuma ɗaure shi tamau da katakon rufi, don guguwar farkon damina ba ta da sabo. Da hunturu ƙura kan lulluɓe gilashin har yaro ya iya rubuta sunansa da yatsa, tsumma mai laushi da ruwa da sassafe sun isa magani. A wajen Doguwa da Riruwai, inda damina ta fi ta birni nauyi, hadarin Agusta yakan rufe rana kwana da kwanaki, saboda haka da lissafin wannan wata ya kamata a auna girman kayan.

Akwai kuma wata mas'ala da ba a cika tattaunawa ba, wato makomar mataccen batir. Cikinsa dalma ce da ruwan asid, kuma wanda ya tuna musibar Zamfara ta 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙa a cikin gidaje ta halaka ɗaruruwan yara, ba zai yarda a fasa shi a tsakar gida ko a bar shi a zaure inda almajirai ke kwana ba. Masu sayar da batir sukan karɓi tsoho su rage kuɗin sabo, kuma ya dace hakimai da limamai su riƙa faɗakar da jama'a a mayar musu da shi a rufe.