Buhu a Zaure, Tamowa a Ɗaka: Ina Tallafin Abinci Yake Tsayawa a Birnin Kudu da Gwaram?

A ranar awon yara a ƙananan asibitocin karkarar Birnin Kudu da Gwaram, ɗan siririn tef mai launi uku ne yake yanke hukunci. Ma'aikaciyar lafiya takan naɗa shi a damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya tsaya a kore, uwa ta yi hamdala ta goya abinta. In ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, sai a danna bayan ƙafarsa da babban yatsa a ga ko akwai kumburi, sannan a matsa masa abincin tamowa a baki a ga ko zai lasa. Wanda ya ci, a ba uwarsa na kai gida. Wanda ya kasa ci, sai kwanciya a babban asibiti. Layin nan ya fi tsawo daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da gona ta yi kore shar, rumbu kuwa ya yi fayau.

Abin mamakin shi ne yankin ba baƙon alheri ba ne. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse, wadda ƙananan hukumomin biyu ke ƙarƙashinta, ya daɗe yana tara hatsi daga manoma yana raba wa mabuƙata gunduma-gunduma. A azumin 2024 gwamnatin Jigawa ta ware sama da naira biliyan biyu don ciyarwa. A shekarar ce kuma gidauniyar Aliko Ɗangote, wanda ya yi sakandarensa a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, ta raba buhunan shinkafa masu kilo goma-goma a ƙananan hukumomin ƙasar nan 774. Ga na 'yan siyasa, ga na attajiran gari. To me ya sa tef ɗin bai daina nuna ja ba?

Girman matsalar kansa amsa ce ta farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali matsakaicin ƙasa kashi 37 ne. Jihar Kebbi kaɗai ta fi ta. Binciken ya kuma nuna macen Jigawa na haihuwar kimanin 'ya'ya bakwai, don haka sau da yawa akan yaye na goye da gaggawa saboda wani cikin ya shiga. A kan wannan rauni aka ɗora ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a jihar, sannan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Sai batun lokaci. Kyautar abinci tana bin kalandar ibada da ta siyasa, tamowa kuwa tana bin damina. Zakkar hatsi da kaka ake fitar da ita, lokacin da ko talaka yana da 'yan dammunansa. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama. Kafin Agusta, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka taru wa yaro a ka, uwarsa kuma tana gona ko tana aikatau, shinkafar ta zama labari.

Na uku shi ne abin da ke cikin buhun, da kuma wanda yake ci. Kilo goma na shinkafa a gidan mutum goma sha biyu girkin 'yan kwanaki ne, kuma in an sauke tukunya kwanon maigida ake fara zubawa, yara su taru a faranti ɗaya, mai ƙarfin hannu ya fi loma. Ɗan wata tara ba shi da wuri a wannan kokawa. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, abin da yake buƙata kaɗan ne amma mai maiƙo da gina jiki, sau da yawa a yini. Abin da yakan samu shi ne kunu tsararo. Ga shi kuwa ƙasar tana noman gyaɗa da wake da riɗi, sai dai su ne amfanin kuɗi: da kaka ake loda su zuwa kasuwanni irin ta Sara a Gwaram don biyan bashin taki da hidimar aure, a bar wa gida gero da dawa.

Duk da haka, akwai taimakon da ya ceci rayuka a zahiri. Abincin tamowa na leda, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Ya yi suna a yunwar Nijar ta 2005, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar dubban yara da shi a yankin Maraɗi ba tare da kwantar da mafi yawansu ba. Leda ɗaya giram 92 ce, ba ta buƙatar ruwa ko wuta, kuma katan ɗaya mai leda 150 kan warkar da yaro cikin mako shida zuwa takwas. Daga 2011 zuwa 2017 shirin WINNN, da kuɗin Birtaniya, ya faɗaɗa wannan jinya a jihohi biyar ciki har da Jigawa.

Shi ma yana da ramukansa. Uwar da ta koma gida da leda ta tarar da yara uku suna kallonta, da wuya ta hana biyu. Wasu ledojin kan ɓulla a teburin mai shago. Yaron da aka sallama ya koma kan tukunyar da ta kwantar da shi tun farko. Sannan igiyar tana hannun masu bayarwa na waje: da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, cibiyoyin tamowa a Arewa sun ji a jikinsu.

Darasi mafi ƙarfi ya fito daga Buji, maƙwabciyar Birnin Kudu da Gwaram. Tana cikin ƙananan hukumomi biyar na Jigawa da Zamfara da aka gwada shirin CDGP daga 2013 zuwa 2019, inda ake ba mace naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yaye. Masu binciken da suka bi diddigin gidajen sun tarar tsumburewa ta ragu, yara sun ƙara samun abinci iri-iri, mata da dama kuma sun sayi awaki ko sun kama sana'a. Kuɗin ba yawa, amma ya shiga hannun mai dama kunu, kuma yana zuwa kowane wata, rani da damina.

Shirin Masaki na gwamnatin Jigawa ya ɗauki hanya mai kama da wannan. Ana tara mata a unguwa, a auna yara, a koya musu soya hatsi da waken suya da gyaɗa a niƙa su gari ɗaya don kunun yara mai kauri. Kayan duk na gonar gida ne, sai dai macen da ba ta da ko gwangwanin waken suya takan tashi da ilimi, hannu wayam.

Nan ne masu zakka da masu sadaka za su iya cike giɓi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Hatsin da aka tara da kaka ana iya adana wani kaso a sito har Yuli. Kuɗin buhun shinkafa ɗaya na iya sayen gyaɗa da waken suya na garin kunun yara da dama. Sunayen masu ciki da masu goyo kuwa suna nan a rajistar asibitocin mazaɓu daga Birnin Kudu har Gwaram, a hannun ma'aikatan da suke naɗa tef ɗin kowane mako.