Ladi Kwali: Tulun Da Ya Bar Rafi

Ko a kasuwar Gamboru ta Maiduguri ko a Sabo ta Ibadan, duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, mutuniyar ƙasar Gwari, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya.

Cikin 1954 ta shiga makarantar Bature Michael Cardew a Abuja, watau Suleja ta yau. Ta koyi sabon gashi mai ƙyalli, amma ba ta bar zanen kunama da ƙadangare irin na gida ba. Sai dai tulunan suka yi nauyi da tsada, suka bar rafi suka zama kayan kallo har Landan.

Ta rasu a Minna cikin 1984.